Bangon da Bahago Ya Yanke

Tun da hantsi Auta take goge falon Abba, har mai aikin gidan ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallonta. Yarinyar da sai an yi da gaske take ɗauke kofin da ta sha shayi, yau ita ce har da taka kujera tana kakkaɓe labule. Dalilin guda ɗaya ne: Abba ya yarda saurayinta Bahago ya zo gidan.

Wanda bai san gidan ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. Tun suna ajin ƙarshe a jami'a, inda suka karanta zanen gine-gine tare, Auta take fama da mahaifinta a kan yaron nan. Abba bai taɓa cewa ba shi da hali ba, bai kuma ce zai haɗa ta da wani dole ba. Cewa kawai yake yi ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da yake zaune a ofishin wani yana ja wa masu kuɗi layi a takarda ba. Shi da siminti da rodi da tayil ya gina kansa, kamfaninsa na kayan gini ya cinye rabin titi, kuma a wurinsa duk abin da ba a loda shi a mota a kai wa mai saye, wasan yara ne.

Ana cikin haka maganar karatu ta zo ta ƙara dagula al'amari. Jami'o'i biyu a ƙasar waje suka ba Auta gurbin digiri na biyu. Ɗaya ta zanen gine-gine ce, wadda ta nema da kanta, ta yi watanni tana tattara zane-zanenta tana gyarawa. Ɗayar ta harkar kasuwanci ce, wadda ta cike takardunta don kawai Abba ya tsare ta da ido. Yayanta namiji ya zille ya zama likita, yayyenta mata suna gidajensu da nasu ayyukan, saura ita, kuma Abba ya rantse kamfaninsa ba zai faɗa hannun bare ba. Makarantun biyu suna jiran amsa kafin makon ya fita, duk wadda ta amsa kuwa, ɗayar ta wuce ke nan.

Ita dai Auta ta daɗe da sanin amsarta. Zane za ta karanta. Bahago ma ya sani, don shi ya taya ta zaɓar zanen da za ta tura.

Sai kwatsam Abba ya sassauta. Yana ɗaura agogo zai fita ya ce mata yaron nan ya zo ranar Asabar, ya taho da gidan kwalin nan nasu da take damun mutane da labarinsa. Da a ce hankalinta yana jikinta, da ta tambayi kanta yadda aka yi mutumin da ko sunan Bahago ba ya son ji ya wayi gari yana neman ganin aikinsa. Murna ta hana ta tambaya.

Gidan kwalin kuwa ba abin wasa ba ne a wurinsu. Ɗan samfurin gidan da suke burin ginawa ne in sun yi aure, bene mai hawa ɗaya, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, sun haɗa shi da farin kwali da gam da reza. A ƙasa akwai falo da kicin da ɗakin baƙi, sai ɗakin zanen Auta, mai doguwar taga a gefen da rana ba ta faɗowa kai tsaye. Tsakanin ɗakin zanen da ɗakin baƙi akwai wani bango mai kauri da ta haɗa da hannunta, kwali biyu ta manne, ta fafe masa 'yan kantoci inda za ta riƙa jera naɗaɗɗun takardu. Sun sha musu a kan bangon nan, shi yana cewa ginshiƙi ya isa, ita tana cewa bango take so, kuma bangon ne zai ɗauki nauyin saman gidan gaba ɗaya. Ita ta yi nasara, har ya ɗaga mata hannu yana dariya.

Ba ta gama jera kofuna ba ta ji ƙarar mota. Ta leƙa da sauri, sai ta ja tsaki. Gwaggo ce, yayar Abba, da ɗanta wanda kowa yake kira Manaja, kuma babu wanda ya gayyace su. Gwaggo tana da hancin jin ƙamshin magana tun daga unguwarsu.

Shi Manaja a ƙasar waje ya karanta kasuwancin, ya dawo da kwat da jaka da wata irin tafiya. Abba ya taɓa gwada shi da reshen kamfanin guda, bai daɗe ba masu saye suka watse, don ya kafa dokar sai mutum ya nemi izini an ba shi lokaci kafin ya sayi buhun siminti. Tun daga nan Abba ya karɓe makullinsa. Gwaggo ta lissafa cewa abin da ya fita ta ƙofar aiki zai iya dawowa ta ƙofar aure, shi ya sa ta kafa wa Auta ƙahon zuƙa.

A baranda ya tare ta tana ɗauke da tire. Ya gyara wuyan kwat, ya ce ya ji labarin rigimar karatu, kuma shi mutum ne mai sauƙin kai.

"Ƙanwata, in ni ne, ki je ki karanta zanenki hankali kwance. Yana da kyau mace ta samu abin da zai riƙa ɗebe mata kewa. In kin dawo ma sai mu sa wa zanen naki gilashi mu rataye a hanyar bene, baƙi su riƙa gani."

Auta ta ji kamar ta kife masa tiren a ka. Ta danne, ta ce ta gode Yaya, amma ita gidajen da take zanawa mutane ake so su shiga ciki su kwana, ba bangon wani za su yi wa ado ba. Ta ƙara da cewa akwai wanda ya san darajar aikinta, yana nan tafe. Manaja ya yi wani murmushi da bai yi mata daɗi ba, ya ce Allah ya kawo shi lafiya.

Bahago ya iso a motar haya, gidan kwalin a kan cinyarsa lulluɓe da farin ƙyalle. Dogo ne siriri, mai yawan fara'a, amma yau fara'ar ba ta biyo shi ba. Ta tare shi a bakin ƙofa tana zolayarsa cewa ya saki jikinsa, Abba ba ya cizo. Ya buɗe baki ya ce, "Auta, akwai maganar da nake son..." Sai muryar Abba ta fito daga falo yana cewa a shigo. Ya haɗiye sauran, ita kuma ta ɗauka tsoro ne.

Aka zauna. Abba a babbar kujerarsa, Gwaggo a gefe tana kaɗa ƙafa, Manaja yana latsa waya kamar ba shi a wurin. Bahago ya gaida kowa, ya ɗora gidan a tebur, ya yaye ƙyallen.

Auta tana da wata ɗabi'a. Duk lokacin da ta ga gidan nan, sai ta sunkuya ta leƙa ta doguwar tagarta, ta kalli ɗan teburin zanenta da bai fi akwatin ashana ba. Ta ajiye tire, ta sunkuya tana murmushi.

Teburin zanen ba ya nan. Bangon ma ba ya nan. Idonta ya zarce kai tsaye har ƙarshen ɗakin baƙi, an haɗe ɗakunan biyu sun zama wani ƙaton ofis. An kafa babban tebur a tsakiya da kujerar juyi, an jera kujerun jira a gefe, an kuma huda sabuwar ƙofa da take kallon titi.

Ta kai yatsa ta shafa bakin sabuwar ƙofar. Mai yanka da dama, rezarsa gefe ɗaya take karkata, ta mai hagu kuma ɗaya gefen. Ko a cikin yankan mutum ɗari za ta gane wannan. Babu wani abokin aiki ko ƙanen da za a ɗora wa laifi.

Ta ɗago a hankali ta ce, "Ina bangona?"

Bahago ya ce zai yi mata bayani, idonsa a kan kafet. Abba ya ɗaga hannu ya ce bayanin nasa ne.

Ya gyara zama ya fara. Ya ce yaron nan ya yi ta sintiri a kamfani yana tsayawa a cikin ƙurar siminti har sai da ya tausaya masa ya saurare shi, kuma ya same shi da hankali. Sun fahimci juna. Masu zane biyu a gida ɗaya ɓarna ce. Auta za ta je ta karanta kasuwanci ta dawo ta riƙe kamfani, shi yaron ya ci gaba da zanensa, in ya zana gida kamfani ya ba da kayan gini. Ya ce shi ba ya sayen kaya da baki, shi ya sa ya ce a nuna masa ofishin 'yarsa a cikin gidan ya gani da idonsa, ga shi kuma ya gani. A kan haka ya amince, ya ba shi ita.

Maganar da Auta ta daɗe tana roƙon Allah ta ji daga bakin mahaifinta ke nan. Ga ta ta zo, amma ko ɗigon daɗi ba ta ji ba. Kunnuwanta suka ɗauki zafi. Wato an zauna an yi cinikinta an gama, an shirya mata har kujerar juyi, ita tana can tana kakkaɓe labule.

Abba bai lura ba, don shi ya riga ya shiga farin ciki. Ya sa hannu a aljihu ya zaro makullan kamfani, wani ƙaton dami mai nauyi, na sito da na ofis da na manyan ƙofofi, duk a zobe ɗaya. Ya ce waɗannan nata ne ranar da ta dawo, bari ya ajiye su a gidanta tun yanzu. Ya ɗora su a kan rufin gidan kwalin.

Rufin ya ɗan lotsa. Sai benen ya yi wata 'yar ƙara ya rufta ciki, daidai inda bangon yake a da. Makullan suka bi shi suka danne babban tebur da kujerar juyin, bangon gefe ya buɗe, doguwar tagar ta faɗo kan tire kusa da kofin Gwaggo.

Gwaggo ce ta fara ƙyalƙyalewa da dariya, ta ce to Allah ya kyauta, wannan in gidan gaske ne ai sai dai a tono amarya. Manaja ya ajiye waya, abin kallo ya samu.

Fuskar Abba ta haɗe. Ya juya ga 'yarsa ya ce ita da ta karanta, ta gaya masa me ya faru, nauyin makulli ne ko kuwa aikin ne ba shi da kyau.

Auta ta san in ta ce kwali ne kawai, makulli ya yi masa nauyi, magana ta wuce. Bahago ma ya sani, don ya ɗago ya kalle ta kallon roƙo. A da, ko ba ta ga wannan kallon ba za ta rufa masa asiri. Yau ta kawar da kai.

"Ba makulli ba ne, Abba. Na sha ɗora littattafai a kan rufin nan bai motsa ba. Bangon da yake ɗauke da saman gidan aka cire, ba a sa komai a madadinsa ba."

Ran Abba ya ɓaci, irin ɓacin ran ɗan kasuwar da aka nuna wa kaya mai kyau a sama. Ya nuna Bahago da yatsa. "Kai da na ce ka je ka karanta kasuwancin ka ce mini kai zane ne aikinka, ashe zanen ma haka yake?"

Auta ta ji maganar ta dake ta a ƙirji. Ta tambayi Abba, murya ƙasa-ƙasa, ko Bahago ne ya fara yi wa tayin. Abba ya ce ƙwarai kuwa. Shi ɗaya daga cikinsu ya ce yana so, ko ita ko shi, duk wanda ya je shi zai ɗauki nauyinsa. Yaron ne ya ce hannunsa bai san komai ba sai zane, amma ita kanta yana ja a lissafi, kuma in shi ya roƙe ta ba za ta ƙi ba.

Ta miƙe ta fita ta ƙofar baya. Tana jin Abba yana ce wa Bahago ya bi ta ya lallashe ta, yarinta ce.

A can bayan gidan ya same ta, kusa da tankin ruwa, ta juya masa baya. Ya tsaya nesa kaɗan ya fara magana da sauri kamar mai tsoron a ƙwace masa bakin. Ya ce ta san yadda ya wahala. Ta san sau nawa aka ce masa Abba ba ya nan alhali yana hango motarsa. Ta san Gwaggo ba barci take yi ba, kullum tana gidan nan da ɗanta. Ya ga ƙofa ta buɗe kaɗan, ya ji tsoron in bai shiga ba za a rufe ta har abada. Ya yi niyyar gaya mata tun ranar da suka yi magana da Abba, ya ɗauki waya ya ajiye ya fi a ƙirga.

Ta juyo. Hawaye ya riga ya wanke mata fuska, amma ba na lallashi ba ne, na takaici ne.

"Waye ya ce maka naka ne da za ka bayar?"

"Auta, don mu na yi."

"Don mu? Ina wurin? Ka zauna da Abba kun raba rayuwata kamar fili, kai ka ɗauki gefen da kake so, ka bar mini ragowar. Ko ɗazu Yaya ya tare ni ya ce zai rataye zanena a hanyar bene, na ji kamar in mare shi, na ce masa akwai wanda ya san darajar aikina. Shi ko ba komai rataye shi zai yi. Kai reza ka sa masa."

Ya ce ba rabuwa da zanen za ta yi ba. Karatun ba daɗewa zai yi ba, in ta dawo ta daidaita kamfani za ta riƙa zane da yamma, da ranakun hutu, shi da kansa zai riƙa kawo mata aiki. Ta yi wata dariya mai ɗaci, ta ce ya lissafa mata 'yan ajinsu da suka ce za su ɗan taɓa wani aikin su dawo, ya nuna mata guda ɗaya da ya dawo. Ya san kamfanin Abba, ya san mutum yana shiga da safe ba ya fitowa sai ya manta sunansa. Kuma ya fi kowa sanin cewa hannun da ya bar zane sandarewa yake yi.

Sai ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya ciro wani abu a naɗe cikin hankici. Bangon ne, da 'yan kantocinsa, ko lanƙwasa bai yi ba.

"Ban yar ba. Tun ranar da na yanke shi yake jikina. Na kasa sa komai a wurin, na ɗauko kwali zan yi masa bim ɗin da zai tallafe saman na kasa, shi ya sa ya rufta. Na ce in kin dawo mu mayar da shi tare."

Nan zuciyarta ta so ta karye, don ta san gaskiya ya faɗa. Ta san shi, ba mugu ba ne, kuma tana son sa har yanzu, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ta karɓi bangon ta juya shi a hannunta. Gefen da aka yanke sumul yake, an bi rula, an yi shi a natse. Wanda hannunsa yake rawa ba ya irin wannan yankan.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Da Abba ya ce kai ka je, me ya hana ka?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce tana jira.

"Kin san ni, Auta. Ni in aka raba ni da zane, me ya rage? Shi ne rayuwata."

Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Ta ga ya ji, don fuskarsa ta canza, ya ɗaga hannu kamar zai kamo maganar ya mayar.

"Ni kuma nawa ɗebe kewa ne," ta ce. "Ashe kai da Yaya bakinku ɗaya, kwat ce kawai ta raba ku."

Ya kira sunanta, ya ce ba haka yake nufi ba, idonsa ya cika da ƙwalla. Ba ta tsaya ba. Ta buɗe famfon tanki ta wanke fuskarta, ta goge da gefen mayafi, ta koma ciki da bangon a hannunta. Ya biyo ta a baya.

A falo Gwaggo ta samu fili tana ta zuba. Tana cewa ai ga irinta nan, a bar na gida mai takardar kasuwanci a hannu a je a ɗauko mai rusa gida tun ba a gina ba. Da ta ga Auta sai ta sassauta murya ta ce zo nan 'yata, share hawayenki, Allah ne ya nuna miki da wuri. Auta ta wuce ta kamar ba ta ji ba. Bahago ya koma inda ya tashi ya zauna a bakin kujera.

Ta durƙusa a gaban mahaifinta. Gabanta yana faɗuwa, don ba ta taɓa mayar masa da magana a gaban mutane ba, amma haushin da yake cinta ya fi tsoron yawa.

"Abba, ka ce ɗaya daga cikinmu. Tun da na taso ban taɓa jin ka yi magana biyu ba."

Abba ya ce haka ne, ba zai kuma fara yau ba.

"To an tambaye shi, ya zaɓa mini. Ni ba a tambaye ni ba. Ka yi haƙuri Abba, ka yafe mini, amma ni zane zan je in karanta, yau zan amsa musu. In na karɓi makullan nan alhali raina ba ya so, abin da ya samu gidan nan shi zai samu kamfaninka. In kuma adalci za a yi, tunda shi ya zaɓa mini, ni ma a bar ni in zaɓa masa: shi ya je ya karanta kasuwancin."

Ta miƙa hannu cikin ɓaraguzan kwalin ta zaro makullan, guntun kujerar juyi yana maƙale a jikinsu. Ta cire shi ta yar. Ta ajiye damin a kan tebur a gaban Bahago, ta ɓangaren hagunsa.

Gwaggo ta zabura ta ce wane irin rashin ta-ido ne wannan, makullan gidansu a gaban bare, ga ɗanta a zaune. Manaja ma ya gyara zama zai sa baki. Abba ya ɗaga musu hannu ba tare da ya kalle su ba.

Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Ransa a ɓace yake, kowa ya gani, amma akwai wani abu kuma a idonsa, irin kallon da yake yi wa mai sayen da ya kama shi da farashin da ya faɗa da bakinsa. Ya ja numfashi ya ce maganarsa tana nan inda ya ajiye ta. Ɗaya daga cikinsu ya ce. In an samu ɗayan, aure yana nan. In ba a samu ba, kowa ya kama gabansa.

Ya juya ga Bahago. "To, malam mai zane. Muna jin ka."

Auta ta koma gefe ta zauna a ƙasa, ta rungume bangonta a cinya. Ba ta kalli fuskarsa ba, don ta san in ta kalla za ta tausaya masa, kuma yau ba ta da tausayin bayarwa. Hannun hagun take kallo, wanda ya bi rula ya yi yankan nan sumul. Tsakaninsa da makullan bai kai taƙi ɗaya ba.

Gwaggo ta daina kaɗa ƙafa. Mai aiki ta leƙo za ta kwashe kofuna ta koma da baya. Har shayin da yake kan tire ya huce, hannun bai bar kan gwiwarsa ba.